Ɗaki mai taya shida: Yadda ake mayar da motar kaya gidan kwana

Da wuya a ce mai riƙe da babbar waya bai taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba. Wani Bature ne ko Baturiya za su sayi tsohuwar motar kaya wadda ta gaji da ɗaukar kwalaye, su wanke ta, su yanka taga a jikinta, su shimfiɗa katako, kafin minti uku ya cika sai ga gado da kicin da fitila, har da wurin wanka. Daga nan sai a nuno su a bakin wani tafki suna kurɓar shayi. A ƙasan bidiyon kuwa za ka tarar da yaranmu suna ta rubuta cewa Turawa sun gama da duniya.

Abin da aka nuna cikin minti uku aikin watanni ne, kuma sashen da ya fi muhimmanci ba a ɗaukar sa a kyamara, domin ba shi da daɗin kallo. Da biro da takarda da tef ɗin awo ake yin sa. Irin wannan mota ba ta zama ruwan dare a Kano ba, amma duk hannun da ake buƙata wajen yin ta akwai shi a garin nan, kuma duk lissafin da ake buƙata yana cikin littattafan da kuke ɗauka zuwa makaranta kullum.

Wanda ke shakka, ya bi ta Ƙofar Ruwa da hantsi. A wannan kasuwa ta arewacin birni ake sayar da rodi da bututun ƙarfe da falle-fallen ƙarfe da kayan gyaran mota, sababbi da na hannu. Ƙarar guduma ba ta tsayawa. Ga mai walda ya duƙa da baƙin tabarau, ga bakanike a ƙarƙashin mota ƙafafunsa kaɗai ake gani, ga rewaya yana bin waya ɗaya bayan ɗaya, ga yara almajiran sana'a suna miƙa sifana. Motar da za a ce ta mutu a wata ƙasa, a nan sai a farfaɗo da ita ta sake yin shekaru tana zuwa Legas.

Ba yau aka fara ba

Gina ɗaki a bayan mota tsohuwar sana'a ce a ƙasar nan, sunanta ne dai daban. A da, manyan motoci irin su Bedford da Marsandi 911 sukan zo hannun mai su ne tsirara: kai da injin da tayoyi da dogayen ƙarafa biyu da ake kira shasi. Kafintocinmu ne ke ɗora musu bodin katako, mai fenti ya zo ya ƙawata da zanen furanni da tsuntsaye da addu'o'i. Idan mai motar fasinja yake so, sai a jera benci a yi rufi. Idan kaya ne, a bar ta a buɗe a tayar da bango. Ko dogayen motocin fasinjan nan na Legas da ake kira moluwe, a kan shasin 911 aka gina da yawa daga cikinsu. A nan Kano ma an yi kamfanin NTM a kan titin Zariya, inda aka riƙa harhaɗa manyan motoci ƙirar Fiat.

A cikin irin waɗannan motoci wasu daga cikin kakanninmu suka sauke farali. A shekarar 1948 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta Afirka ta Yamma, wadda ake taƙaita sunanta da WAPA. Daga nan unguwar Wapa ta Fagge, inda ake canjin kuɗi a yau, ta samo sunanta. Maniyyata kan hau mota su bi ta Maiduguri, su shiga Chadi, su ratsa Sudan har bakin Bahar Maliya. Tafiya ce ta makonni, kuma tukunya da tabarma da buta da buhun gero duk suna cikin motar. Inda dare ya yi, nan ne gida.

Akwai kuma motar majigi, wadda tsofaffi ke ba da labari. Tun zamanin Turawan mulki take zagaya garuruwa ɗauke da injin wuta da lasifika da farin allo, a tsaya a ƙofar gidan hakimi ko dagaci a haska wa jama'a fim da daddare. Mota ce da aka gyara ta ɗauki duk abin da aikinta ke buƙata.

Su ma Turawan da kuke gani a waya, iyayensu sun san Kano. A shekarun 1970 da 1980, matasa daga Turai kan hau tsofaffin motocin soja da aka sa wa kujeru da akwatunan abinci da tankunan ruwa, su keto Sahara daga Aljeriya ta Tamanrasat, su biyo ta Agadas da Damagaram, su sauka a sansanin baƙi masu yawon buɗe ido da ke kan titin Bompai. A nan suke hutawa, su gyara mota, su shiga Kurmi sayen kayan fata, su je marinar Ƙofar Mata, sannan su wuce. Rikicin da ya ɓarke a Aljeriya da arewacin Nijar a farkon shekarun 1990 ne ya kashe wannan hanya. Wani abin sha'awa: kalmar karaban da mutanen Ingila ke kiran ɗakin da ake ja da mota, asalinta daga Farisanci ne, kuma ma'anarta ayari. Ke nan fataken da suka riƙa fita daga birnin nan da jakuna zuwa Gwanja neman goro ba baƙi ba ne a wannan labari.

Tambayar farko: nawa za ta ɗauka?

Mu ɗauka ga wata Kanta a gabanmu, an cire mata tsohon bodi, muna so mu gina ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 2, tsayin mita 2. Daɓensa murabba'in mita 8 ke nan. Ɗakin da magina ke cewa ƙafa 12 da 12 ya haura murabba'in mita 13, don haka namu bai kai kashi biyu cikin ukunsa ba. A cikin wannan ɗan wuri za a cusa gado da murhu da ma'ajiyar kaya da banɗaki.

Kowace mota tana da iyakar nauyin da kamfanin da ya ƙera ta ya yarda ta ɗauka, kuma yawanci yana rubuce a wani ɗan allon ƙarfe kusa da ƙofar direba. A kan wannan adadi aka auna birki da sifirin da tayoyi. Mun saba ganin mota an lafta mata kaya har ta karkace, kuma ta isa inda za ta, sai mu ɗauka adadin wasa ne. Bambancin shi ne buhun masara ana sauke shi gobe, amma ɗakin da aka gina yana nan a kanta dare da rana har ƙarshen rayuwarta.

To ku ɗauko biro. Bango huɗu da rufi na ɗakinmu sun kama murabba'in mita 32. Fallen ƙarfe mai kaurin milimita ɗaya da rabi yana da nauyin kusan kilo 12 a kowane murabba'in mita. Ku ninka, za ku samu wajen kilo 380, fatar waje kaɗai. Idan aka yi da alminiyam mai kauri iri ɗaya, nauyin zai faɗo zuwa wajen kilo 130, domin alminiyam kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin ƙarfe yake, sai dai ya fi tsada kuma ba kowane mai walda ke iya aikinsa ba. Ruwa ba ya ɓoye nauyinsa: lita ɗaya kilo ɗaya ce, tanki mai lita 200 kilo 200 ne. Babban batirin sola irin mai ruwa, mai lamba 200, yakan kai kilo 60. Mutum huɗu manya, a ce kilo 280. Idan aka ƙara ƙarafan da za su riƙe ɗakin, da katakon daɓe da na bango, da gado da kabad, da tukunyar gas da abinci da safayar taya da kayan gyara, a ƙiyasina an haura kilo 2,000 ba tare da an yi wani almubazzaranci ba. Motar da aka yarda ta ɗauki tan uku za ta iya. Ƙaramar a-kori-kura kuwa, tuni an karya mata baya.

Shi ya sa wanda ya ce zai shimfiɗa tayil a ciki don ya burge abokai, ku ba shi haƙuri. Ga nauyi, ga shi ramin farko da aka faɗa zai tsattsage. Ledar ɗaki ta wadatar.

Inda aka ajiye nauyin ma magana ce. Malamin kimiyya ya koya muku abin da ake kira cibiyar nauyi, wataƙila kun haddace don jarrabawa kun manta. Ga amfaninsa. Duk lokacin da aka ɗora abu mai nauyi a sama, cibiyar nauyin mota takan hau, kuma idan ta shiga kwana da gudu sai ta nemi kifewa. Motocin da kuke gani kwance a gefen hanya da buhuna a warwatse, sau da yawa dalilin ke nan. Don haka tankin ruwa da batura a ƙasa ake sa su, daf da shasi, tsakanin tayoyin gaba da na baya, kuma a raba nauyin dama da hagu. Na san abin da zai fara zuwa ran ɗan Kano shi ne ya ɗora tanki a kan rufi kamar yadda muke yi a gidaje don ruwa ya sauko da kansa. A mota wannan ganganci ne. Sannan tankin da ya yi rabi ya fi cikakke fitina, saboda ruwan yana kai-komo, ya tura motar gefe a daidai lokacin da direba ke son ta tsaya cak. Maganinsa shi ne a sa 'yan shingaye masu huji a cikin tankin don su karya ƙarfin ruwan, kamar yadda ake yi a tankokin dakon mai.

Shasi yana murɗawa

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Waɗannan dogayen ƙarafa biyu da ke ƙarƙashin babbar mota ba sandararru ba ne. Da gangan aka yi su yadda za su ɗan murɗa idan taya ɗaya ta hau tudu ɗaya ta faɗa rami. Idan aka gina akwatin ƙarfe mai tauri aka liƙe shi da walda a kansu, to an haɗa faɗa: shasi na son murɗawa, akwati ya ƙi. Ƙarshenta ɗaya zai tsage. Ƙofa ta daina rufuwa, rufi ya fara yoyo, ko kuma shasin kansa ya dare, wanda shi ne mafi muni. Kamfanonin ƙera motoci suna gargaɗi a kan yin walda ko huda leɓen shasi barkatai.

A nan dole a sara wa tsofaffin kafintocin bodi. Sukan shimfiɗa dogon katako a kan shasi, su ɗora bodin a kai, su ɗaure da notuna masu lanƙwasa irin harafin U. Katako yana ba da kai, yana lanƙwasa ya dawo, shi ya sa za ka ji bodin yana ƙara a hanya mara kyau amma bai karye ba. Masu gina irin waɗannan gidaje a Turai suna yin wani ƙaramin firam na daban a ƙarƙashin ɗakin, su haɗa shi da shasi da notuna masu sifirin, ko su kafa shi a wuri uku kacal don shasi ya yi motsinsa ɗaki bai sani ba. Matsala ɗaya ce aka gano a wurare biyu, kowa ya warware da abin da ke hannunsa.

Zafin Kano

Mafi yawan bidiyon da kuke kallo daga ƙasashen sanyi suke, inda damuwar mai mota ita ce yadda zai ɗumama ɗaki. Wanda ya kwafe su kai-tsaye a nan, tanda ya gina. A watan Afrilu zafin rana a Kano yakan kai maki 40 a ma'aunin Salshiyas, a inuwa ma ke nan. Ku tuna yadda cikin mota ke zama idan an bar ta a rana an rufe gilashi.

Duk wanda makarantarsu ta taɓa kai su Gidan Makama ya san sanyin da ke cikin soro da tsakar rana. Magina na cikin birni sun yi maganin zafi da kaurin bangon ƙasa da rufin azara: kafin zafi ya ratsa bangon, rana ta faɗi. Mota ba za ta iya ɗaukar bangon tubali ba, sai a nemi abin da ke tare zafi amma ba shi da nauyi, kuma wannan abu iska ce da aka kulle. Farin soson nan mai tauri da ake sako talabijin ko firji a cikinsa, kusan dukkansa iska ce a cikin ƙananan ƙwayoyi. Irinsa ake jerawa tsakanin ƙarfen waje da katakon ciki, mai kaurin santimita 5 ko fiye, musamman a rufi. Sai dai yana cin wuta, don haka dole a rufe shi ruf, a nisanta shi da murhu da wayar lantarki.

Fenti fari ne ya dace, domin yana mayar da hasken rana, baƙi kuwa shanye shi yake yi. Akwai kuma wata dabara da tsofaffin motocin Land Rover da aka kawo ƙasashen zafi suke da ita: rufi biyu, na sama ya tare rana, iska ta riƙa wucewa ta tsakaninsu. A yau farantan sola za su iya yin wannan aiki idan aka ɗaga su kaɗan daga rufin, ga inuwa ga wuta. Taga kuma a yi ta a ɓangarori biyu masu fuskantar juna, a sa ragar sauro, sannan a buɗe ƙaramar kafa a rufi, tunda iska mai zafi sama take hawa. Amma a yi kowace taga yadda za ta rufu gam, don idan hunturu ya kama a Disamba, ƙura za ta shigo ta ko'ina.

Nasan wani zai ce a sa na'urar sanyaya ɗaki a huta. Mu lissafa. Farantin sola mai wat 300, idan ya samu awa biyar na rana mai ƙarfi, zai ba da wat-awa 1,500, kuma wani kaso zai salwanta a waya da caji. Fanka mai wat 25 da ta yi awa goma ta ci 250. Ƙwai uku masu wat 5 na tsawon awa biyar sun ci 75. Cajin wayoyi huɗu bai wuce 60 ba. Duka-duka 385, faranti ɗaya ya ɗauke su har da rara. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya kuwa tana jan wat 750 ko fiye. Ta yi awa takwas, ta ci 6,000. Batiri mai bolt 12 da lamba 200 yana riƙe 2,400 ne, kuma idan irin mai ruwa ne ba a son a zuƙe fiye da rabinsa. Sai an jera biyar, kilo 300 ke nan, a koma shafin nauyi a sake lissafi daga farko. Haka aikin yake, kowace amsa tana taɓa wata.

Abin da ke kisa ba ya wari

Wannan sashe ku karanta shi ko da ba za ku taɓa mallakar mota ba. Idan fetur ko gawayi ko gas na ci a wurin da iska ba ta wadata ba, yana fitar da wata iskar guba mai suna kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini ta kama wurin da iskar numfashi ya kamata ta zauna. Mutum zai ji ciwon kai da kasala, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Ita ce ke kashe iyalan da suka kwana da janareta a cikin gida, da waɗanda suka shiga da kaskon gawayi ɗaki lokacin sanyi suka toshe ƙofa. Ɗakin da bai wuce murabba'in mita 8 ba, cikin ɗan lokaci zai cika. Saboda haka janareta ba ya kwana a ciki ko a gindin taga, gawayi ba ya shiga, ba a girki sai taga a buɗe, kuma a duba kada bakin salansar motar ya kasance ƙarƙashin inda ake kwana. Akwai ƙaramar na'ura mai batiri da ke ƙara idan ta shaƙi wannan iska. A ganina ta fi talabijin muhimmanci.

Gas ɗin girki kuma ya fi iska nauyi. Idan tukunya na yoyo, ƙasa yake kwanciya ya taru kamar ruwa, yana jiran tartsatsi. Don haka akan yi wa tukunyar akwatinta na daban mai ƙofa ta waje, a huda ƙasansa don abin da ya zubo ya fice. Batirin ruwa shi ma yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, yana buƙatar mafita. Kowace wayar lantarki a sa mata fis, a naɗe ta inda ta ratsa ƙarfe, domin girgizar hanya tana cin fatar waya a hankali. Ƙofa ta kasance mai buɗuwa daga ciki, kuma taga ɗaya ta yi girman da mutum zai iya fita. Mun saba sa wa tagogi ƙarfen hana ɓarayi, amma ranar gobara wannan ƙarfen ne ke hana mai gida tsira. Tukunyar kashe gobara a rataye ta kusa da ƙofa. Kuma idan mota na tafiya, kowa ya zauna a kujera mai bel, ba a kan gado ba.

A ina za a ajiye ta?

A ce an gama, an yi fenti. Ɗan cikin birni zai gamu da wata matsalar da babu ita a bidiyo. Birnin da Sarki Gijimasu ya fara zagayewa da ganuwa kusan shekara 900 da suka wuce, an tsara lungunansa ne don mai tafiya a ƙasa da jaki da doki. Akwai lungu a Alfindiki ko Zage ko Koki da babur biyu ba sa gilma wa juna sai ɗaya ya raɓe. Mota mai faɗin mita 2 iyakarta bakin titi, a can kuwa ga KAROTA, ga masu shaguna da ba za su yarda a tare musu ƙofa ba. Kafin a fara yanka ƙarfe ma, kamata ya yi a je wajen jami'an duba lafiyar motoci, domin takardun mota suna nuna irinta da launinta, kuma wanda ya sauya mata siffa ba tare da gyara takarda ba zai sha tambaya a kowane shinge. Lasisin tuƙa babbar mota ma ajinsa daban da na ƙarama.

Sai batun tsaro, wanda ba sai na yi dogon bayani ba. Tsayawa a dokar daji a kwana don kallon taurari, a halin da hanyoyinmu suke ciki, ba abin da mai hankali zai yi ba ne. Direbobin manyan motoci sun san haka, shi ya sa suke taruwa a sanannun wurare irin su Mararrabar Jos da Tafa, inda akwai jama'a da abinci da masallaci. Zango ke nan irin na fatake, bai canja ba.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ta fi damuna: wa ke buƙatar ɗaki a bayan mota a ƙasar nan? Mai yawon shaƙatawa shi ne na ƙarshe a layi. Ku dubi motocin da ke ɗaukar hatsi daga Dawanau, ko shanu daga karar Wudil, ko tumatir daga Kadawa, su nufi Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000. Direba ya kwanta a kan kujera, yaron mota ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota tsakanin tayoyi, masu rakiyar dabbobi kuma suna zaune a kan katako a saman bodi cikin rana da ruwa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sha yin gargaɗi a kan ɗora mutane a saman kaya, domin idan irin wannan mota ta faɗi, asarar rayuka takan yi yawa. Da yawa daga cikin waɗannan yaran sa'o'inku ne. Ƙaramin ɗaki mai gado biyu da kujeru masu bel a bayan kan mota zai rage wa mai ita wurin buhu goma ko ashirin, kuma wannan ne dalilin da zai sa ya yi jinkiri. Amma direban da ya yi barci sosai ba ya gyangyaɗi a kan sitiyari.

Akwai wasu ma. Ma'aikatan lafiya masu zuwa ƙauyukan da ba asibiti, likitan dabbobi mai bin makiyaya, malaman da ke koyar da 'ya'yan Fulani a rugage, masu shirya finafinan Hausa da ke kwana a wurin ɗauka, ɗakin karatu mai yawo da zai tsaya yau a Gwale gobe a Dala. Kowannensu ɗaki ɗaya ne a kan shasi, abin da ke ciki ne ya bambanta. Wanda zai zana wa mutanenmu kuma sai ya tuna da abubuwan da Bature bai sa a nasa ba: wurin alwala da inda ruwanta zai taru kada ya malale a titi, filin da mutum zai shimfiɗa dadduma ya miƙe tsaye, da labule ko shamaki idan iyali ne.

Mai walda a Ƙofar Ruwa yana da hannu da ido da shekaru a cikin aiki, amma ba kowannensu ne ya samu damar zama a aji ya koyi lissafin nauyi da na lantarki ba. Ku kuna da ajin, amma da yawanku ba ku taɓa riƙe guduma ba, wasu ma na ganin ƙasƙanci ne. Kwalejojin fasaha na jiha da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kano da sashen injiniya na Jami'ar Bayero duk don cike wannan giɓi aka yi su, kuma ƙofarsu a buɗe take ga mata da maza.

Kafin nan, ga abin da za ku iya gwadawa a ƙarshen mako ba tare da kashe ko sisi ba. Ku samo kwalin taliya, ku ɗauka kowace mita ɗaya santimita 10 ce, ku yanka ɗaki mai tsawon santimita 40, faɗi 20, tsayi 20. Ku zana inda gado da murhu da ƙofa da tagogi za su zauna. Sannan ku cika ƙaramar roba da yashi a matsayin tankin ruwa, ku manne ta a ƙasan kwalin, ku ɗora shi a kan faranti mai kaushi, ku riƙa ɗaga gefe ɗaya a hankali har ya kife, ku auna tsayin da kuka ɗaga. Ku mayar da robar kan rufi ku sake gwadawa. Ku rubuta lambobin biyu, ku kai wa malamin kimiyya ranar Litinin.